Amanar Tabarmar Sulhu: Labarin Asuriyawa da Kurdawa

 Ina gaida iyayenmu da 'yan'uwanmu na Dutsin-Ma da Karofi da Shema da Makera. Ina gaida na Kurfi da Birchi da Tsauri da Rawayau. Mutanen Wurma, gaisuwa ta musamman, Allah Ya ƙara sanyaya muku zuciya.

Yau shirinmu zai yi tafiya mai nisa. Za mu je duwatsun da ke tsakanin Turkiyya da Iran da Iraƙi. Za mu koma baya shekara ɗari da 'yan kai. Labarin maƙwabta biyu ne, Asuriyawa da Kurdawa. Ku riƙe sunayen nan: Asuriyawa da Kurdawa.

Dalilin da ya sa na ɗauko shi guda ne. Yankinmu yana cikin zamanin zaman sulhu. A cikin labarin mutanen nan kuwa akwai wani zaman sulhu da aka ci amanarsa. Ina so ku ji abin da wannan cin amana ya jawo.

Bari mu fara da sanin su wane ne.

Kurdawa Musulmi ne, galibinsu 'yan mazhabar Shafi'iyya. Mutanen dutse ne, masu kiwon tumaki da awaki, masu noma a kwari. Duk wanda ya taɓa jin sunan Salahuddin al-Ayyubi ya san Bakurde, domin daga cikinsu ya fito.

Asuriyawa Kiristoci ne, tun ƙarnonin farko na addinin Kirista. Harshensu reshe ne na Aramiyanci, harshen da ake magana da shi a ƙasar Falasɗinu a zamanin Annabi Isa, alaihis salam. Wasunsu suna zaune a filayen Mosul, kusa da tsohon birnin Ninawa na Annabi Yunusa. Wasu a filayen Urmiya da Salmas, cikin Iran. Amma waɗanda labarinmu ya fi shafa su ne na duwatsun Hakkari, a kudu maso gabashin Turkiyya ta yau. A wancan zamani dangi-dangi suke: Tiyari, Tukhuma, Jilu, Baz. Kowane dangi da shugabansa, ana ce masa malik. A samansu duka akwai mutum ɗaya mai laƙabin Mar Shimun. Shi ne babban limamin cocinsu, shi ne kuma sarkinsu. Mazauninsa wani ƙauye ne a kan dutse mai suna Kudshanis.

To, yaya zamansu yake? Ba zan ce muku babu faɗa ba. Akwai faɗa. Da bazara kowa yana kora dabbobinsa zuwa makiyayar kan dutse, a can ake haɗuwa. Akan yi rigimar ciyawa. Akan yi rigimar ruwa. Akan kore wa juna tumaki. Amma ga abin lura. A Hakkari dangogi sun kasu gida biyu na ƙawance, kuma a kowane gida akwai Kurdawa akwai Asuriyawa. Sai ka ga Bakurde da Ba'asure sun haɗa kai suna faɗa da wani Bakurden da wani Ba'asuren. In an kore tumaki, an san gidan da suka shiga. In an zubar da jini, akwai manyan da za su zauna a biya diyya. Faɗa ne mai mai shi, kuma mai ƙarshe.

Malam manomi, Malam makiyayi, wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenku. Shanu sun yi ɓarna, a kira ardo, a kira mai unguwa, a je gona a kimanta, a biya, a yi musabaha.

Yanzu mu shiga sashe na biyu: yadda zaman ya lalace.

A shekarar 1843, sarkin Kurdawan Bohtan, Badar Khan, ya haɗa kai da sarkin Hakkari suka afka wa Tiyari. A 1846 ya koma kan Tukhuma. An kashe dubbai. Daga cikin abin da ya hura wutar har da wani katafaren gini da wani likitan mishan Ba'amurke, Asahel Grant, ya kafa a garin Ashita. Shi makaranta yake nufi. Maƙwabta kuwa suka ga kamar sansanin yaƙi ne ake gina wa Turawa.

A 1847 Daular Usmaniyya ta murƙushe Badar Khan, ta kai shi gudun hijira tsibirin Kirit. Ta rushe sarautun Kurdawa na gargajiya. Sai dai ita kanta ba ta iya tsare duwatsun ba. Aka wayi gari babu sarki mai tsawatarwa, babu hukuma mai hukunci. Kowane agha, wato shugaban dangi, ya zama gwamnatin kansa.

A 1891 Sarkin Musulmin Istanbul, Abdulhamid na Biyu, ya kafa rundunar Hamidiyya. Ma'anarta, ya zaɓi wasu dangogin Kurdawa ya ba su bindiga da kaki da muƙami. Wanda jiya yake satar tumaki a ɓoye, yau yana yi da tambarin hukuma. A ɗaya gefen kuma Rasha tana zawarcin Asuriyawa, tana ce musu ita ce garkuwarsu.

Ku lura da abin da ya faru. Masu sasantawa sun tafi. Bindiga ta shigo daga waje. Kowane ɓangare ya sami uban gida na nesa.

Sashe na uku shi ne shekarar 1915. Asuriyawa suna kiranta Saifo, wato shekarar takobi.

A ƙarshen 1914 Daular Usmaniyya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, tana faɗa da Rasha da Ingila da Faransa. Hakkari tana bakin iyaka. Gwamnatin Istanbul ta daina kallon Asuriyawa a matsayin talakawanta. Ta koma kallonsu a matsayin 'yan leƙen asirin Rasha, dukkansu, har jaririn goye. An yi musu kuɗin goro. Tun watan Oktoban 1914 ministan cikin gida, Talat Pasha, ya ba da umarnin a kwashe su daga bakin iyaka.

A Janairun 1915 sojojin Rasha suka janye daga Urmiya. Sojojin Usmaniyya da mayaƙan Kurdawa suka shiga. Aka ƙone ƙauyuka. Dubban mutane suka cunkushe a harabar mishan ta Amurkawa har wata biyar, zazzaɓin taifot yana ɗibarsu kullum. A watan Mayu, dangogin Hakkari suka yanke shawarar ɗaukar makami su bi bayan Rasha. A watan Yuni gwamnan Mosul, Haidar Bey, ya hau dutse da sojoji da igwa, dangogin Kurdawa suna kewaye ta ko'ina. Ƙanin Mar Shimun, wani saurayi mai suna Hurmuz da ke karatu a Istanbul, an kama shi an kai Mosul, aka ce in dangi ba su ajiye makami ba za a kashe shi. Ba su ajiye ba. Aka kashe shi. Kafin sanyi ya shigo, waɗanda suka tsira sun gangara zuwa Salmas, ba gida, ba dabba, ba hatsi.

Bayan yaƙi, wakilan Asuriyawa sun shaida wa taron sulhu na Faris a 1919 cewa an kashe musu mutum 250,000 a faɗin yankin. Wannan kisan kiyashi ne, da hannun gwamnati a ciki, kuma ba zan sassauta masa suna ba.

Amma iyayena, akwai mutanen da ya zama wajibi in ambata, domin Allah bai taɓa barin wuri babu mutanen kirki ba. A garin Siirt, wani agha Bakurde mai suna Usman ya fitar da babban limamin Kirista na garin, Addai Sher, ya ɓoye shi. Daga baya an gano malamin an kashe shi, amma Usman ya yi iyakar nasa. A yankin Tur Abdin, an yi wa ƙauyen Ain Wardo ƙawanya makonni. Wani malamin Musulunci, Shehu Fathullahi, shi ya shiga tsakani har aka janye, domin ɓangarorin biyu sun yarda da maganarsa. Har yau Kiristocin yankin suna ambatonsa da alheri. Mutum ɗaya da aka yarda da bakinsa ya ceci gari.

Mu zo sashe na huɗu. Nan ne zuciyar shirin namu. In kana wani aiki, Malam, ɗan dakata. Hajiya, a matso da rediyon.

A 1917 aka yi juyin juya hali a Rasha. Sojojinta suka watse suka koma gida, suka bar bindigogi da harsasai. Asuriyawa suka ɗauka, suka kafa rundunarsu ƙarƙashin wani kwamanda mai suna Agha Petros. Mutanen da aka kora daga gidajensu, masu yunwa, masu ɗacin rai, yanzu ga makami a hannu. Gaskiya ɗaya ce, su ma sun yi ta'asa. Sun kai hari ƙauyukan Kurdawa. A Fabrairun 1918 an kashe Musulmi masu yawa a cikin Urmiya, mutanen da ba su taɓa taka Hakkari ba. Jikokinsu ba su manta ba har yau.

A wannan hali ne jami'an Ingila suka ba da shawara cewa Asuriyawa su haɗa kai da wani babban agha na Kurdawa. Sunansa Isma'il Agha, shugaban dangin Shikak. An fi saninsa da Simko. Ku riƙe sunan: Simko.

A watan Maris na 1918, Mar Shimun Binyamin ya tafi ganawa da Simko a garin Kuhnashahar, kusa da Salmas. Shekarunsa talatin da 'yan kai, tun yana ɗan shekara goma sha shida yake riƙe da jama'arsa. Aka tarbe shi. Aka zauna. Aka yi magana mai daɗi. Aka yi sallama, Simko ya rako baƙonsa. Mar Shimun yana shiga keken dokinsa, sai harbi ya tashi. 'Yan bindiga ne aka ɓoye a saman soraye. Aka kashe shi, aka kashe da yawa daga masu rakiyarsa.

Baƙo ne. Don sulhu ya zo. A ƙofar mai masaukinsa aka harbe shi.

Me ya sa Simko ya yi haka? Yana tsoron dubban Asuriyawa masu makami za su zauna a ƙasar da yake gani tasa ce. Masana tarihi da dama kuma suna ganin hannun hukumomin Iran na birnin Tabriz. Amma akwai wani abu a tarihin gidansu da nake so ku ji. A shekarar 1905, gwamnan Tabriz ya gayyaci yayan Simko, Ja'afar Agha. Ya yi masa rantsuwa da Alƙur'ani cewa babu abin da zai same shi. Ja'afar ya zo. Aka harbe shi. Simko ya tashi da wannan a zuciya. Darasin da ya koya shi ne, gayyatar sulhu tarko ce. Abin da aka yi wa yayansa, shi ya yi wa Mar Shimun.

Simko kansa fa? A 1930 sojojin Iran suka gayyace shi garin Ushnu da sunan sasantawa. Ya zo. Aka yi masa kwanton ɓauna aka kashe shi.

Ku ƙirga tare da ni. 1905, Ja'afar. 1918, Mar Shimun. 1930, Simko. Gayyata uku, gawa uku. Kowane ɗaya an yi shi ne da tunanin an yi dabara, an huta da abokin gaba. Ko ɗaya bai kawo hutu ba.

Ga abin da ya biyo bayan na 1918. Agha Petros ya afka wa sansanin Simko a Charik ya ci shi da yaƙi. Simko ya tsere, ya huce a kan Asuriyawan da ke gudun hijira a garin Khoi. Asuriyawa suka huce a kan Musulmin Salmas. Ramuwar gayya, in ji Hausawa, ta fi ta gayya zafi. Babu mai sauran bakin da zai ce a zauna. Wa zai zo? Wa zai yarda?

A ƙarshen Yulin 1918 sojojin Usmaniyya suka matso, harsasan Asuriyawa suka ƙare. Mutane wajen dubu saba'in suka fita daga Urmiya a rana ɗaya, da tsofaffi da mata da yara, suka nufi Hamadan inda sojojin Ingila suke. Tafiyar makonni ce a ƙasa, ana bin su da harbi, kwalara tana bin su. Dubbai sun mutu a hanya. Waɗanda suka kai, aka zuba su a tantuna a Bakuba, kusa da Bagadaza.

Sashe na biyar gajere ne, amma akwai abin tsoro a ciki.

Turawan Ingila sun mallaki Iraƙi, suna neman sojoji masu araha. Ga samari 'yan gudun hijira, gwanayen yaƙin dutse, ba aikin yi. Suka ɗebe su cikin wata runduna da ake kira Lebis, wato sojojin haya na 'yan ƙasa. Da su suka riƙa murƙushe boren Kurdawa a Amadiya da Rawanduz, da na Shehu Mahmud Barzanji a Sulaimaniyya. A Mayun 1924 wata 'yar rigimar kasuwa a Kirkuk ta sa 'yan Lebis suka buɗe wuta, aka kashe mutanen gari da dama. Ƙiyayya ta ƙaru a kan Asuriyawa baki ɗaya, har waɗanda ba su taɓa sa kaki ba.

A 1925 aka shata iyaka, Hakkari ta faɗa cikin Turkiyya. Komawa gida ta gagara. A 1932 Iraƙi ta sami 'yancin kai. Shekara guda bayan nan, a Agustan 1933, sojojin Iraƙi ƙarƙashin Janar Bakar Sidki suka shiga garin Simele suka karkashe mazajen Asuriyawa da suka riga suka miƙa makamansu. Jami'an Ingila sun ce an kashe kimanin 600 a yankin. Asuriyawa sun ce 3,000. Uban gidan da ya ba su kaki bai tare musu ba. Yau in ka je Kudshanis, kangon coci za ka tarar.

To, mu dawo gida. Wannan ne sashe na ƙarshe.

Kada wani ya ce na ce halinmu ɗaya da nasu. Akwai bambanci babba. Su addininsu daban, kuma gwamnati ce ta jagoranci kisan. Mu kuwa, mai gona da mai shanu alƙibla ɗaya suke kallo, kuma wanda ya sace mutum ya nemi kuɗin fansa ɓarawo ne, ko wane harshe yake yi. Amma hanyar da wutar ta bi, mun san ta. Burtali ya toshe. Ƙarar ɓarna ta daina ƙarewa a ƙofar mai unguwa. Bindiga ta shigo ta iyaka. Aka kashe wani a kasuwa don kawai kamanninsa. Aka ƙone gari don kawai ɗan sa-kai ɗaya ya fito daga cikinsa. Daga dajin Rugu abin ya bazu har ya iso mu. Mun ga an kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020. Mun ga an rufe layukan waya a Kurfi da Dutsin-Ma a 2021. Mun ga an ɗauki ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2023.

Sulhu ma mun gan shi. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi a 2019, kafin shekara ta zagayo ya fito ya ce an ci amanarsa. A 2025 al'ummomi suka sake zama, a Jibiya da Batsari da Ɗanmusa, mu ma a nan Kurfi aka zauna a yankin Wurma. Na san akwai masu jin zafin wannan zama. Uwar da aka kashe wa ɗa, in ta ga wanda take zargi zaune a kan tabarma da bindiga a kafaɗa, dole zuciyarta ta tafasa. Ba ni da bakin da zan ce mata ta yi kuskure. Haƙƙinta yana nan, kuma sulhun da bai saurare ta ba gurgu ne.

Ga matsayina. Ko kana goyon bayan sulhu, ko ba ka goyon baya, amanar tabarmar dukiyar kowa ce. Wanda aka ce ya zo babu abin da zai same shi, to ya koma lafiya. Wannan ya hau kan kowa. Ya hau kan mutanen daji: manomin da kuka ce ya koma gonarsa, in kuka ɗauke shi a gonar, kun yi aikin Simko. Ya hau kan mutanen gari: makiyayin da aka ce ya shigo kasuwa, in aka tare shi a hanya, an yi aikin gwamnan Tabriz. Mai laifi a kama shi da sunansa, a kai shi gaban alƙali. Addininmu bai yarda a kama wani da laifin wani ba.

Samarinmu na rundunar tsaron al'umma, wadda Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, ina gaishe ku, kuna sayar da rai dominmu. Ku tuna da 'yan Lebis. Abin da mai kaki ɗaya ya yi da fushi a kasuwa, ƙauyensu ne ke biya. Bindigar hannunka ta tsaron gari ce, da gidan Bahaushe da rugar Bafillace.

Iyayenmu hakimai da dagatai da ardo-ardo da limamai, Allah Ya ja zamaninku, ga roƙona. Babu sulhun da ba a gwada shi. Wata rana saniya za ta shiga gona. Wata rana za a tsinci gawa a hanya, Allah Ya kiyaye. Tun yanzu a faɗa wa jama'a, in hakan ta faru, ƙofar wa za a buga? Wane ne zai ɗauki waya a ɓangaren daji, wane ne a ɓangaren gari? Kwana nawa za a ba su su fito da mai laifi? A sanar da wannan a masallatan Juma'a, a sanar a kasuwa, yadda yaro ma zai iya maimaitawa. Kuma a nemo irin Shehu Fathullahi na wannan yanki, mutumin da gari da ruga duk suka yarda da bakinsa, a sa shi gaba. Akwai su a cikinmu, kun san su.

Waɗanda suka baro ƙauyukansu suna raɓe a gidajen 'yan'uwa a Dutsin-Ma da Kurfi da Katsina, a rubuta sunayensu da gonakinsu, a gaban dagaci da shaidu, kafin wani ya shuka a ciki. Asuriyawan Hakkari sun fita da niyyar dawowa, amma komawa ta gagara. Komawar 'yan gudun hijira a sa ta cikin sharuɗɗan zaman, da lokaci, da wanda zai raka su.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu zauna a kan maganar burtali da mashaya, yadda aka shata su da yadda suka ɓace. Manomi da makiyayi duk muna jiran saƙonninku.